Gonar Bakin Kwari

Bana ruwan sama ya sake yi mana halinsa. Ya sauka sau biyu a jere, ƙasa ta yi ƙamshi, kowa ya ɗauki sungumi ya fita shuka, sai kuma ya ɗauke kamar an yi masa laifi. Yau kwana goma sha shida ke nan babu ko ɗigo. Jiya da hantsi na bi ta bayan makarantar unguwarmu, na ga masarar mutane ta naɗe ganye ta yi tsini kamar albasa. Ina tsaye ina kallonta sai wata shekara ta dawo mini gaba ɗayanta, har da ƙishirwarta. Shekara goma sha biyu ke nan ko sha uku, shekarar da azumi ya faɗo a tsakiyar damina.

Sunana Hauwa, amma a Gabukka Maman Amina ake ce mini. Ni 'yar Tera ce daga wajen Deba, aure ne ya kawo ni Gombe. Maigidana, Malam Buba, direban babbar mota ne a lokacin, yana ɗaukar hatsi zuwa kudu. Iyayensa Fulani ne da shanu suka ƙare musu tun yana ƙarami, suka shigo gari suka zauna. Abin da mahaifinsu, wanda suke kira Baffa, ya bari gona ce guda ɗaya a ƙarshen Gabukka, aka raba ta biyu. Gabas ta zama ta wansa, Hamma Sale, mai shagon kayan gini a Jekadafari. Yamma ta zama tamu, kuma yamman nan ita ce bakin kwari.

Duk ɗan Gombe ya san kwari. Da rani yana kwance shiru, awaki na yawo a cikinsa. Da damina sai ruwan gari duk ya taru ya bi ta nan, ja jawur, yana cin ƙasa ta ƙasa har gefen ya rufta. Mun ga ya ci katanga, mun ga ya ci ɗakin mutum da gadonsa. Gonarmu kuwa duk shekara sai ya gutsure mata wani abu. Abin da ya rage ma ruwa ya wanke samansa, ya zama fako, ƙasa mai tauri da ko ciyawa ba ta son fitowa a kai.

Da sanyin waccan shekarar motar Malam ta faɗi da shi a hanya, ƙugunsa ya karye. Aka kawo shi gida aka kwantar, mai ɗori yana zuwa yana dubawa. Muna da yara huɗu, Amina babbarsu ba ta wuce sha ɗaya ba, ga kuma mahaifiyarsa, Dada, da ke zaune tare da mu. Abin da aka ajiye ya tafi a magani. Ina suyar ƙosai a ƙofar gida da safe, da shi ake cefane.

Da bazara ta shigo, wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Hamma Sale ya zo. Ya zauna a bakin gadon ƙaninsa, ni kuma ina tsakar gida ina tankaɗe, ƙofa a buɗe.

"Buba, ga abin da na zo da shi," ya ce. "Akwai mai son gonar nan, zai yanka ta filaye. Amma gaba ɗaya yake so, ba zai ɗauki rabi ba. Bara dami nawa ka ɗauka a naka gefen?"

"Shida," in ji Malam.

"Shida. Kana da ƙafa biyu ke nan. Yanzu ga ka kwance, ga kwari yana ci. Wa zai noma ta?"

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Ni."

Hamma bai ko waiwayo ba. Ya ce, "Buba, da kai nake magana."

Malam ya ce a ba shi lokaci ya yi tunani. Da Hamma ya fita na shiga na tsuguna a gabansa. Na ce masa na ga gidaje uku a layinmu da suka sayar da gona. Shekara ba ta zagayo ba kuɗin ya ƙare, yanzu da mudu suke awo, in farashi ya tashi su kwana da rabin ciki. Na ce a garinmu mace da fartanya ba abin kallo ba ne, tun ina yarinya nake bin uwata gona.

Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki. Ya ce, "Maman Amina, ba zan sa hannu ba sai bayan kaka. Damina ɗaya na ba ki. In kaka ta zo ba mu ga abin da zai riƙe gidan nan ba, kin san ba ni da bakin yi wa Hamma musu."

Na ce na ji. Na fito ina jin kaina kamar wadda ta yi nasara, sai da na je gonar da yamma na buga fartanya ta yi tsalle ta dawo mini, sannan na gane abin da na ɗauko wa kaina.

A cikin makon nan ne aka yi shela cewa malamar gona za ta zo ƙofar gidan mai unguwa, mata su taru. Muka cika gindin dalbejiya, kowa da buhunta a naɗe a hammata, don mun ɗauka rabon takin zamani ne. Sai ga wata doguwar mata a kan ƙaramin babur, Malama Rifkatu, 'yar Tangale daga Billiri. Ba ta zo da komai ba sai jaka da gorar ruwa. Da mata suka ji magana ce kawai, sai aka fara zamewa, wannan ta bar tukunya a wuta, waccan yaro na kuka. Muka rage mu uku, biyun ma kunya ce ta riƙe su. Da ta gama na ce mata, "Malama, ni duk abin da kika faɗa ban gane ba. In za ki iya, mu je ki ga gonar da idonki."

Ta goya ni a babur muka je. Ta zagaya, ta leƙa kwari, ta dawo tsakiyar fakon ta buɗe gorarta ta tsiyaya ruwa a ƙasa. Ruwan ya mirgina ya gangara, bai shiga ba ko kaɗan.

"Kin gani?" ta ce. "Gonarki ba ta shan ruwa, wanka kawai take yi. Ko buhu goma na taki kika zuba, kwari za ki ciyar. Daminar yanzu kuma ba irin ta iyayenmu ba ce. Ta zo a makare, ta yi hutu a tsakiya, sannan ta zubo na wata guda a yini ɗaya. Sai kin koya wa ƙasar nan riƙe abin da ta samu."

Ta karɓi fartanyata ta nuna mini. A haƙa rami, faɗinsa kamar faranti, zurfinsa taƙi ɗaya. Ƙasar da aka fitar a tara ta gefen gangare, ta tare ruwa. A zuba takin gida tafi biyu a ciki, a rufa da karmami. Taku ɗaya a sake wani, layi na biyu kuma ramukansa su faɗo a tsakanin na farko, yadda duk ruwan da ya kuɓuce wa wannan zai faɗa wancan. A jera duwatsu a gicciye. In ruwa ya sauka a dasa jema, ciyawar nan mai dogon saiwa da ake samu a fadama, layi uku ta gefen kwari. Kada in ƙone kara, kada in sare 'yan kalgo da sabarar da ke tsirowa. Ta ce in bar masara bana, in shuka gero mai saurin nuna da wake a tsakani, za ta samo mini irin.

Na ce, "Malama, ramin nan guda nawa?"

Ta yi dariya ta ce, "Kada ki ƙirga. In kin ƙirga ba za ki fara ba."

Na ari diga wajen wani magini maƙwabcinmu. Ina idar da sallar asuba in soya ƙosai in bar wa Amina ta sayar kafin makaranta, in kama hanya. Zafin bazarar Gombe kuwa ba ya jiran rana ta ɗaga. Kafin hantsi zanena ya jiƙe ya bushe ya bar farin gishiri. Diga in ta sauka a fakon nan har cikin haƙorana nake jinta. Tafin hannuna ya yi ƙulu-ƙulu, ya fashe, ya sake yi. In rana ta take in koma gida in yi girki, in juya Malam, in goge masa jiki, in kai fo. Bayan la'asar in koma. Duwatsu ba mu da su a wajen, sai na riƙa bin inda ake gini ina roƙon ɓaraguzan bulo, ina ɗaukowa a kai da tsohon baho.

Masu wucewa suka samu abin nishaɗi. Wani ya tsayar da kekensa ya ce, "Maman Amina, zinariya ake nema ne? In an samu a tuna da mu." Mata a bakin famfo suka ce kaburburan ɓeraye nake haƙawa. Hamma ya aiko matarsa ta ce mini ina zubar musu da mutunci, ana nuna shi a kasuwa ana cewa ga wanda matar ƙaninsa ke fasa ƙasa kamar lebura. Na ba ta ruwa ta sha, na ce ta gaishe shi, na ɗauki digata na fita tun ba ta gama ɗaura mayafi ba.

Dada ba ta ce mini komai ba sai sau ɗaya. Ta kalli hannuna muna cin abinci, ta ce, "A gidanmu mace nono take tatsa." Ta ci gaba da cin abincinta. Tsohuwa ce siririya, ta haura saba'in, Hausarta ma in ranta ya ɓaci sai ta koma Fulatanci. Shekara goma sha biyu muna tare ban taɓa sanin ko tana sona ko haƙuri take yi da ni ba.

Taki shi ya fara gagarata. Awakina biyu ne, na share turkensu, na haɗa da toka da sharar tsakar gida, bai cika ko kashi ɗaya cikin huɗu na ramukan ba. Wata safiya na tashi ban ga Dada a ɗakinta ba. Muka duba maƙwabta, babu. Hankalin Malam ya tashi, yana ta ƙoƙarin tashi zaune. Can wajen hantsi ina gona, raina a jagule, sai na hango ta tana tahowa daga tsallaken kwari, da ƙaton kwando a kanta. Ta sauke a gabana. Busasshen kashin shanu ne, baƙi, mai laushi. Ashe rugar wasu makiyaya ta je, ta yi musu Fulatanci, suka gano ta san kakanninsu, suka ce ta kwashe duk abin da ke garken.

Ta sa ƙafa ta ture ɗan tulin takina. Ta ce, "Wannan abin da kike zubawa ba zai tsinana komai ba. Ke kin san ƙasa, amma ba ki san taki ba. Matsa."

Tun daga ranar tare muke fita. Ni ina haƙa, ita tana bina tana zuba taki tana rufewa, tana mita da Fulatanci. Duk da haka ba mu gama ba. Ƙarfina ya ƙare da saura kamar kashi ɗaya cikin biyar, can sama wajen iyakarmu da Hamma. Wannan gefen na ce zan shuka shi yadda aka saba.

Ruwan farko ya sauka da daddare, da safe duk Gabukka ta fita shuka. Malama Rifkatu ta riga ta gargaɗe ni: in tona, in damshi bai kai tsawon hannuna daga yatsa zuwa wuya ba, kada in zuba iri. Na tona, bai kai ba. Kwana tara na zauna ina kallon shukar mutane tana tsirowa, tawa gonar ramuka ce kawai da gara ke shiga tana fita. Kwanakin nan tara sun fi haƙan wuya. Malam ya ce, "Anya matar nan ta san abin da take yi?" Na ce masa ni ma ban sani ba, amma na riga na bi ta har nan. A rana ta goma aka yi ruwa na gaske, tun azahar har magariba. Washegari muka shuka, muka dasa jemar da Malama ta kawo a bayan babur, ƙulli-ƙulli da laka a gindinta.

Gero ya fito kore shar a cikin ramuka. Muka yi noman farko. Watan azumi ya kama, aka yi ruwa sau ɗaya a daren uku ga wata, daga nan sama ta rufe.

Kullum da yamma hadari zai haɗu ta gabas, baƙi ƙirin, iska ta taso, mata su kwashe shanya, sai ya watse ya bar mu da zafi. Rana ta dawo irin ta bazara, ga baki a rufe. Hatsin gida ya ƙare tun kafin azumi. Wake ya yi tsadar da na daina ƙosai. Na sayar da akuya ɗaya. Buɗa-bakinmu kunu ne tsararo, wanda in ka leƙa kofin za ka ga fuskarka. Bayansa kwaɗon rama ko tafasa, in an samu ƙuli-ƙuli a barbaɗa, in ba a samu ba gishiri da barkono. Sahur garin rogo. Ƙaramin ɗana yakan lashe kwano ya miƙo mini, ni kuma in kau da kai kamar ban gani ba. Malam ya fara cewa ba ya jin yunwa, yana tura nasa wa yara.

Ranar goma ga wata Hamma ya aiko da rabin buhun masara a baro, da saƙo: a gaya wa Maman Amina mai sayen nan yana nan bai fasa ba. Na tsaya a zaure ina kallon buhun. Zuciyata ta ce in mayar. Amma yaran ba su yi wa kowa laifi ba. Na ce a shigo da shi. Na ce wa ɗan aiken, "Ka ce masa mun gode, Allah ya saka da alheri. Ka kuma ce masa gonar ma tana nan."

Aka fita roƙon ruwa a filin idi, maza da yara, har da dabbobi. Aka dawo, sama fes. Masarar maƙwabta ta naɗe, ta yi fari, ta kwanta. Gefen da na shuka ba rami, a kwana na sha biyar da ɗaukewar ruwa ya ƙone ƙurmus, in ka murza ganyen sai ya zama gari. Na cikin ramuka da rana yakan yi laushi ya sunkuya, in zauna a gindin kalgo ina kallonsa. Amma da yamma sai in ga ya ɗago. Wata rana na ɗaga karmamin na cusa hannu a ramin. Gara ta huda ƙasar ta yi ƙofofi, can ƙasa kuwa da sanyi, da damshi, har ya manne mini a farce. Na daɗe a tsugune hannuna a ciki. Da azumi a bakina, sai da na ji kamar ni ce na sha.

Muka shiga kwaso duk abin da zai rufe ƙasa, ciyawar da muka nome, tsohuwar zana, ɓawon gyaɗa daga wajen masu ƙuli. A nan ne, rana ta goma sha takwas, Dada ta faɗi. Na ce mata ta zauna a gida, ta ƙi. Na ce to ta ajiye azumin, shekarunta sun ba ta dama, ta harare ni. Tana ɗauke da kwandon ɓawo sai na ga ta yi tangaɗi ta zube a tsakanin ramuka. Na goya ta a bayana har bakin titi, ba ta fi nauyin yarinya ba. Mai keke mai ƙafa uku ya kai mu asibitin unguwa, aka sa mata ruwa leda biyu.

Muna dawowa gida da la'asar muka tarar da Hamma a tsakar gida. Ranar ce ya fara yi mini magana kai tsaye.

"Kin ga abin da taurin kanki ya jawo? Miji a kwance, yara da yunwa, yanzu kuma za ki kashe mana uwa a kan fako! Wallahi gobe zan zo da mutumin nan, a gama maganar."

Ni ma abin da nake faɗa wa kaina ke nan tun daga asibiti. Sai Dada ta ɗago daga tabarmar da aka kwantar da ita.

"Sale."

"Na'am, Dada."

"Wa ya ɗaure ni ya kai ni gona? Da ƙafata na je. Ranar da saniyarmu ta ƙarshe ta mutu, ubanku bai yi kuka a gabana ba, gatari ya ɗauka ya je ya share gonar nan. Da geronta na yaye ƙaninka. Rabinka naka ne, ka yi yadda ka so. Wannan rabin an ce sai kaka, to sai kaka. In kana da sauran magana ka zauna a sha ruwa, in ba ka da ita ka gaida gida."

Daga cikin ɗaki Malam ya ce, "Hamma, na ba da kalmata. Ka yi haƙuri."

Hamma ya sa takalmansa ya fita. Bai zo da kowa ba washegari.

Kwana ashirin da uku ruwan ya yi bai sauka ba. Ranar da ya dawo, ana saura kwana kaɗan sallah, da azahar ne. Gari ya yi duhu, kaji suka shige akurki, sai aka sake shi kamar da bakin tulu. Yara suka fita tsakar gida suna ihu. Ni kuwa kwari ne ya faɗo mini a rai. Na yafa buhu a kai na fita a guje, Malam yana kirana.

Tun daga nesa nake jin rurinsa. Ruwan gari ya taho ja, ɗauke da leda da robobi da reshen bishiya. Ina tsaye a tudu ina gani ya fasa jerin bulon da ke ƙasa, ya tumɓuke layin jema na farko, don ba ta gama kama ƙasa ba. Sai kusurwar gonar ta tsage ta rufta da layi biyu na gero da wata 'yar sabara da nake lallaɓawa. Na yi salati da ƙarfi. Na ce shi ke nan, Hamma ya yi gaskiya. Amma da na share ruwa daga idona na duba sama, sai na ga gonar ta cika da ƙananan kwanuka, kowane rami ya riƙe nasa ruwan, yana sheƙi. Wanda ya kuɓuce yana tafiya a hankali, ya tsaya a layin jema na biyu, ya ajiye lakarsa. Kwarin bai ƙara gaba daga kusurwar nan ba. Na zauna a cikin taɓo na yi kukan da na daɗe ina riƙewa.

Washegari na koma da baho na sake jera bulo, na tsinto jemar da ta maƙale a gefen kwari na sake dasawa. Ina cikin yi sai ga mata biyu daga cikin 'yan bakin famfo, sun zo wai wucewa suke. Suka tsaya suna kallon geron da ya miƙe har gwiwa, alhali nasu mazan suna neman irin sake shuka. Ɗayarsu ta tuɓe takalmi ta kama mini bahon, ba wadda ta tayar da tsohuwar magana.

Geron ya ɗauki ciki, ya fidda kai, ya yi ido tun na sauran mutane bai kai ƙugu ba. Da shi kaɗai ya nuna a yankin, tsuntsayen Gabukka duk suka sauka a kaina, na ɗaura gwangwanaye a igiya ina yini ina ja. Ranar da na karyo kai biyar na gasa tumu a gida, yaran suka zagaye murhu suna murzawa da zafinsa suna hurawa. Dada ba ta da haƙoran tauna shi, amma ta karɓa ta riƙe a baki.

Mun ɗaure dami goma sha huɗu. Wake ya ba mu buhu guda da ɗan ƙari, harawar kuma masu kiwo suka saye. Ba zan ce mun yi arziki ba. Geron ya kai mu farkon bazara, waken ya mayar da ni suyar ƙosai, da haka aka lallaɓa har wata damina. Aka ɗauko Malam a keke, da sandarsa, ya tsaya a bakin gonar yana kallon dammunan. Ya ƙirga su sau biyu. Ya ce, "Maganar sa hannu ta mutu." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Yau gidaje sun zagaye gonar ta gefe uku. Hamma ya samu wanda ya yarda da rabi bayan shekara biyu, ya sayar, an yi bene a wajen. Jemar ta yi kauri har sai da lauje, kalgon nan sun zama inuwa. Malam yana tafiya da sanda, yana tsaron ɗan tebur a ƙofar gida. Dada ta rasu shekara shida da suka wuce, a hannuna. Malama Rifkatu an mayar da ita wata ƙaramar hukuma, mukan gaisa ta waya. Yanzu har saƙo ake turowa a waya a ce ga lokacin da ake sa ran ruwa, Amina ke karanta mini in ta zo da 'ya'yanta. Masu filaye ba su daina zuwa ba, kusan duk rani sai an yi sallama da ni, in ba su ruwa su sha su tafi.

Amma a waccan shekarar ta ramuka, ranar da aka fara tuƙa tuwon sabon gero, na zuba malmala huɗu a babbar kula, na yi miyar kuka da wake, na sa mayafina na wanki, na hau keke har Jekadafari. Na tarar da Hamma a zaurensa da baƙi biyu. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye kular a gabansa.

"Na mene ne?" ya ce.

"Na gonar Baffa ne, Hamma. Dada ta ce a kawo maka ka ɗanɗana."

Ya buɗe, tururi ya tashi. Ya wanke hannu, ya gutsura, ya tauna a hankali. Baƙin suka sa hannu suna yabawa, ɗaya yana tambaya ina aka samu sabon gero tun yanzu. Hamma ya sake gutsura. Ya ci malmala guda, ya jawo ta biyu. Ina durƙushe ina jira. Sai da ya siɗe yatsunsa sannan ya dube ni.

"Gishiri ya yi yawa a miyar," ya ce.

"To, Hamma. Baɗi in na kawo zan rage."

Na tashi na karkaɗe zanena. Ban jira kular ba, don rana ta yi, kuma na bar wake a shanye a gona.